Kakana Teofil, Mai Hawar da Jiragen Ruwa Tudu

Idan baƙo ya tambayi kakana Teofil Rymsza ko shi ɗan asalin Elbląg ne, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Nemo mini tsarana ɗaya da aka haifa a garin nan, in tuɓe masa hula." Ba ba'a yake yi ba. Duk tsaransa kawo su aka yi. Wasu daga gabas, wasu daga ƙauyukan kudu, wasu kuwa daga wuraren aikin dole suka fito, suka ji an ce akwai gidaje babu kowa a arewa, suka biyo sahu. Waɗanda aka haifa a garin Jamusawa ne, su kuma an kwashe su zuwa yamma.

Yana da shekara tara ya zo, shekara guda bayan yaƙin duniya na biyu. Ƙauyensu na kusa da Lida, kuma da manya suka zauna suka sake shata iyaka sai ƙauyen ya faɗa wancan ɓangaren. Babansa ya tafi yaƙi bai dawo ba. Mahaifiyarsa Kazimiera ta ɗaure katifa da tukwane, ta jawo saniyarta, suka shiga taragon dabbobi tare da wasu iyalai. Kaka yakan ce a duk tafiyar abin da bai manta ba shi ne ɗumin cikin saniyar, don a jikinta yake kwana.

Da suka sauka bai ga gari ba, kufai ya gani. Tsohon birni duk ya ƙone, bangaye a tsaye babu rufi, hayaƙi ya baƙanta tagogi. Aka ba su ɗaki biyu a wani gida can bayan tasha. A ɗaki na uku akwai wata tsohuwa Bajamushiya da ba a riga an kwashe ba, kuma gidan nata ne. Kusan shekara suka yi suna girki a murhu ɗaya, mata biyu, babu mai jin yaren wata. A bakin tsohuwar Kaka ya tsinci Jamusancinsa na farko: ruwa, itace, madara, sai kuma "matsa daga nan." Ranar da aka zo tafiya da ita, Kazimiera ta raka ta har bakin titi, ta dawo ta zauna a kicin har yamma ba ta hura wuta ba.

Daga ranar har ta bar duniya ba ta taɓa kiran gidan nan namu ba. In aka ce a sake fenti sai ta ce, "A bar wa mutane kayansu yadda suka bar shi. Mu aro muka yi." Tana jiran ɗayan biyu, ko masu gida su dawo, ko a ce mata ta koma nata.

Kaka kuwa a cikin kufan ya girma. Shi da tsaransa da sauran yaran Jamusawan da suka rage suna da fagen daga a bakin kogi, jifa safe da yamma, har aka kwashe na ƙarshensu suka rasa abokan faɗa. Da ya zama saurayi ya sami aiki a wurin rushe ragowar tsohon birnin. A karya bango, a kankare jan bulo, a jera, a loda a tarago, a ce an tafi da shi gina Warsaw. A lokacin babu wanda ya ga aibin haka. Garin na wasu ne, babban birninmu kuma yana kwance a ƙasa. Suka yi ta kwasa har wurin ya koma fili, ciyawa ta rufe shi. Abin da ya rage sai babban cocin, da hasumiyar Ƙofar Kasuwa, da 'yan gine-gine nan da can kamar haƙora a bakin tsoho. Awaki har sun yi kiwo a inda attajirai suka taɓa kwana.

Bayan ya dawo daga soja ya auri kakata Genowefa, wadda kowa ke kira Gienia, ya kuma sami aikin da ya riƙe har ya yi ritaya, a kanal, wato hanyar ruwan da mutanen da can suka haƙa daga tafkunan tudu zuwa garinmu. A wuri biyar ƙasa ta yi tudun da ruwa ba zai hau ba, don haka jirgi yakan hau wani ƙaton amalanken ƙarfe a cikin ruwa, igiyar waya ta jawo shi bisa dogo, ya ratsa ciyawa da fasinjojinsa a zaune har ya faɗa ruwan sama. Babu lantarki babu mai, ƙarfin ruwa ne ke juya wilin da ke jan igiyar. Kaka shi ne mai sakin ruwan a tudun Jelenie. Matuƙi ya buga ƙarfe, shi kuma ya buɗe. Kullum da sassafe yakan tafi a kan babur, ya dawo da yamma yana warin man giris.

"Wane irin aiki mijinki yake yi ne?" maƙwabta kan tambayi Gienia.

"Yana tura jirgi a gona," ta ce. "Ni ma ban gane ba, amma ana biyansa."

Wajen tsakiyar shekarun saba'in aka fara barin Jamusawan yamma su zo yawon buɗe ido. Sukan zo cikin manyan bas masu ƙyalli, yawancinsu dattawa, su tsaya a bakin titi suna kallon tagar wani, su ɗauki hoto, wasu su yi kuka. Mutanen gari ba sa son haka. Kowa ya ga baƙo yana leƙen gidansa sai ya ɗauka karɓa aka zo yi.

Wata rana da rani jirgi na tsakiyar hawa tudu, sai wani dogon mutum mai kyamara a wuya ya dire daga cikinsa ya faɗa ciyawa, ya ruga gaba don ya ɗauki jirgin yana tahowa. Ya tsaya daidai kan igiyar waya. Kaka ya fito da gudu yana ɗura masa ashar da yarenmu, ya san dai ba ji zai yi ba.

"Kai, jakin ina ne wannan? Ka gaji da ƙafarka ne? Matsa, ɗan banza!"

Mutumin ya matsa. Ya karkaɗe wandonsa, ya dubi Kaka, ya mayar masa da zagi da yarenmu tas, irin zagin da Kaka bai sake ji ba tun zamanin jifa a bakin kogi. Har da wani da ya shafi kakar mutum da akuya.

Kaka ya yi turus. "A gidan uban wa ka koyi wannan?"

"A wurin irinku," in ji mutumin. "Shi kaɗai kuka koya mini, sai kalmar gurasa."

Sunansa Ewald Penner. A tsohon birni aka haife shi, babansa mai gyaran agogo ne, kuma sai shekara biyu bayan yaƙi aka kwashe shi da uwarsa. Jirgin ya wuce ya bar shi, tunda babu mai tsayar da jirgi a tsakiyar tudu saboda wawa ɗaya. Ya zauna a kan benci a ƙofar ɗakin injin har Kaka ya tashi aiki, suka raba gurasa da tsiran alade, suna haɗa hira da rabin yare nan rabin yare can. Ewald ya ɗaga gashin goshinsa ya nuna wani tabo.

"Bakin kogi, kusa da gada. Wani ɗan ƙaramin yaro mai kunnuwa fato-fato."

"Duk kunnuwanmu fato-fato ne a lokacin, yunwa ce," Kaka ya ce. "Amma in ni ne, ka yarda na iya saiti."

Har suka tsufa ba su warware wannan magana ba.

Ranar Lahadi Kaka ya goya shi a babur zuwa filin tsohon birni, don Ewald ya ce ya kewaya sau biyu shi kaɗai bai gane inda gidansu yake ba. Kaka ya san filin kamar tafin hannunsa. Ya auna da hasumiyar coci, ya auna da kogi, ya tsaya a wani wuri da babu komai sai ciyawa da wata kujerar katako.

"Layinku nan ne. In shagon babanka na kusa da kwana ne, to ka tsaya a kansa."

Ewald ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Da muka tafi bangayen na tsaye. Namu har hawa na biyu. Akwai wani kan zaki na dutse a saman ƙofa. Ina suka tafi?"

Kaka zai iya cewa bai sani ba. Amma shi ba ya iya lanƙwasa magana.

"Suna Warsaw. Ni na loda su."

"Kai?"

"Ni da wasu. Layin nan gaba ɗaya ya bi ta hannuna."

"Gari mai shekara ɗari bakwai," Ewald ya ce, "kuka mayar da shi makiyaya."

"Wa ya fara? Mu muka ƙona Warsaw? Ina babana? Kai ka san inda gidanku yake, ni ko kabarinsa ban sani ba."

"Ina da shekara huɗu aka fara yaƙin nan!"

"Ni biyu!"

Suka tsaya suna huci, magidanta biyu a tsakiyar ciyawa, masu fitowa daga coci suna kallonsu. Ewald ya juya ya tafi masauƙinsa a ƙafa. Kaka ya dawo gida bai taɓa abincin rana ba. Gienia ta ce Allah ya ƙara, wa ya aike shi ɗaukar Bajamushe a babur.

Da rani ya zagayo sai ga Ewald a kan bencin ɗakin injin, ya zo da gwangwanin kofi. Bai ba da haƙuri ba, Kaka ma bai bayar ba. Kaka ya ce, "Ka dawo ke nan." Ewald ya ce, "Garinmu ne ai." Kaka ya ce, "Garinmu dai." Aka ɗora ruwan zafi.

Haka ya riƙa zuwa duk shekara. Shi yana kiran garin Elbing, Kaka yana gyara masa, shi ma yana gyara wa Kaka, kamar gaisuwa. Ya koya wa Kaka tsofaffin sunayen tituna, ya nuna masa inda kasuwar kifi take da, da inda ake ɗaure jiragen hatsi. Kaka kuma ya nuna masa inda ake samun kifin gwangwani ba layi, abin da ya fi tarihi amfani a wancan zamani. Sannu a hankali Kaka ya fara sanin garin da ya rushe. Wani lokaci yana tafe da mahaifiyata tana yarinya sai ya nuna mata fili ya ce, "Nan gidan mai gasa burodi ne," ta ce, "Baba, nan ai ciyawa ce."

Kazimiera ta ga Ewald sau ɗaya kafin rasuwarta, a tsakar gida. Da aka faɗa mata ɗan garin ne na da, sai ta miƙe da ƙyar ta ce a tambaye shi ko ya san tsohuwar mai gidan, ko ta isa lafiya. Bai san ta ba. Kazimiera ta riƙe hannunsa duk da haka, ta ce, "Ka gaya musu ba mu ɓata komai ba."

Gienia ce ta ƙi. Ita daga wajen Zamość take. Tana 'yar shekara biyar sojojin Jamus suka fitar da ƙauyensu gaba ɗaya cikin sanyi, ƙaninta na goye bai kai bazara ba. Ta ce Ewald na iya zama abokin mijinta a titi, amma ƙafarsa ba za ta taka ɗakinta ba. In ya zo ɗaukar Kaka sai ya tsaya a ƙasan bene ya yi fito. Shekarun da kantuna suka bushe, babu nama babu sabulu, ya riƙa aiko da kwali cike da kaya. Gienia takan buɗe, ta duba, ta raba wa maƙwabta masu yara, ko ƙwayar sukari ba ta ɗauka.

"Mace, kofi ne fa," Kaka yakan ce.

"Ka bi shi gidan maƙwabciyarmu, Pani Wanda, ka sha. Can ya tafi."

Shekara goma sha ana haka. Sai wani rani Ewald ya zo shi kaɗai a rame, matarsa ta rasu da hunturu. Ya tsaya a ƙasan bene bai yi fito ba. Gienia na shanya a taga ta hango shi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta leƙo, ta kira shi da Pan, wato malam.

"Pan Ewald! Wa ya goge maka rigar nan?"

"Ni."

"Ai na gani. Hawo. Na yi miyar kabeji da yawa, kar ta lalace."

Ya hau. Ta zuba masa, ta ƙara masa, ta tsaya a bakin murhu tana ba shi baya har ya gama. Ba su taɓa yin maganar yaƙi ba, a ranar ko bayanta. Na taɓa tambayarta ko yafe masa ta yi. Ta ce, "Me ya yi mini da zan yafe masa? Waɗanda suka yi mini ba su zo ba. Shi dai yunwa yake ji."

A shekarun nan ne masu tonon tarihi suka shiga filin. Suka yaye ciyawa, sai ga garin a kwance a ƙasa yadda aka bar shi, ɗakunan ƙasa da matakala da rijiyoyi, layi-layi. Hukuma ta ce za a sake gina gidaje a kan tsofaffin harsasai, kowane gida daidai faɗin na da. Da tono ya kai layin su Ewald, shi da Kaka suka je suka tsaya a bakin shinge. Ga ɗakin ƙasa, ga matakala mai lanƙwasa.

"A nan muka ɓuya da ana harbi," Ewald ya ce. "Mu da maƙwabta duka. Yaya aka yi muka shiga? Ko akuya uku ba zai ɗauka ba."

"Ƙasan ban taɓa ba," Kaka ya ce. "Ka shaida. Sama kawai na kwashe."

"To, na gode."

"Ba komai."

Ni a lokacin aka haife ni, don haka da tsohon birni muka girma tare. Ina shiga makaranta ana kafa masa rufi. Gidajen suka tashi dogaye masu tsinin kai, masu launi, ba irin na da sak ba, ba kuma sababbi sarai ba. Baƙi na son su. Kaka ya ce gari ya sa haƙoran roba. Ewald ya ce ko na roba ne sun fi dasashi. A kan harsashin shagon agogo aka buɗe wurin sayar da askirim. Ewald ya yi rani biyu yana wucewa ta tsallaken titi, a na uku Kaka ya ja shi ciki da ƙarfi, ni ina biye da su. Ya sha, ya ce ya yi zaƙi da yawa, ya kuma shanye.

Abu ɗaya Ewald ya dami Kaka da shi: ya je ya ga ƙauyen da aka haife shi. Iyaka ta buɗe, mutane na zuwa. Kaka ya ce ba shi da abin da ya bari a can.

"Ƙarya kake," in ji Ewald. "Tsoro kake ji."

"Tsoron me?"

"Kar ka tsaya a bakin shingen wani kamar yadda na tsaya, ana leƙenka ta labule."

Shekarar da Kaka ya yi ritaya Ewald ya zo da motarsa, ya ce ya cika tanki, in Kaka bai shiga ba zai je shi kaɗai ya gaya wa mutanen ƙauyen cewa Teofil Rymsza matsoraci ne. Gienia ta haɗa musu guzuri kamar masu tafiya bangon duniya. Suka tafi.

Abin da ya faru a can daga bakin Ewald na fi jinsa, don Kaka ya ɗauki shekaru kafin ya ba da nasa. Gidan na nan, na katako, an yi masa shuɗin fenti. Kaka ya gane shi tun daga nesa, ya ce a tsaya, ya kuma kasa fita daga mota. Da ya fita ya tsaya a bakin shinge riƙe da hularsa. Labule ya motsa. Can wani dattijo ya fito da fartanya a hannu, fuska a ɗaure.

"Me kuke nema?"

Kaka ya buɗe baki, sai ga yaren ƙauyen ya fito, wanda ya yi shekara hamsin bai yi shi da kowa ba sai uwarsa. Ya ce a gidan nan aka haife shi.

"Muna da takarda," dattijon ya ce da sauri. "Hukuma ce ta ba mu. Namu gidan an ƙona shi."

"Ban zo karɓa ba, baba. Gani kawai."

Matar gidan ce ta ture mijin ta buɗe ƙyaure. Ta zaunar da su a tsakar gida, ta kawo kokwamba da zuma da baƙar gurasa, mijin ya sauko ya kawo kwalba. Ta ce ya shiga ciki ya duba. Kaka ya je bakin ƙofa, ya sunkuya, ya ga murhun da ake kwana a kansa yana nan a inda yake, da gadon wasu, da hotunan jikokin wasu. Ya ja da baya.

"Na gani," ya ce. "Kun riƙe shi da kyau."

Ya zagaya baya ya sha ruwan rijiya. Ya je maƙabarta ya nemo kabarin kakansa, ya cire ciyawa da hannu, Ewald na taya shi. Da la'asar ta yi matar ta ce su kwana. Kaka ya yi godiya, ya dubi Ewald ya ce, "Tashi mu tafi gida. Gienia na jira."

Suka kama hanya. Sai da suka kusa iyaka Kaka ya ce, "Ashe haka ka ji."

"Haka."

"Kuma na ce maka jaki."

"Ai jakin ne. Na tsaya a kan igiya."

Bayan dawowarsa ya canja, ba sosai ba, amma mu na gida mun lura. Ya sayi fenti ya shafe kicin da kansa. Ya fara zuwa taron da ake yi a kan gyaran bakin kogi, yana faɗa da kansiloli kamar gadonsa za a taɓa. In ya ga baƙo ya tsaya yana kallon wani gida ba ya jira a tambaye shi, sai ya je ya ce, "Lamba nawa kake nema?"

Ewald ya daina zuwa da ƙafafunsa suka ƙi. Suka koma waya, ranar Lahadi bayan coci, suna ihu don dukansu kunne ya yi nauyi. Da ya rasu 'yarsa ce ta kira. Kaka ya ajiye wayar, ya sa kwat, ya fita. Na same shi a bakin kogi kusa da gada, yana zaune yana kallon ruwa.

"Kaka, ka yi sanyi. Mu je gida."

"Malwina," ya ce, "yanzu duk garin nan babu wanda zai ce mini na faɗi sunansa ba daidai ba."

Da na gama karatu na zama mai zagayawa da baƙi. Kaka bai taɓa ɗaukar wannan aiki ba ne. Yakan biyo ayarina da sandarsa, ya tsaya a baya. In na kai su Ƙofar Kasuwa ina ba su labarin yaron gidan burodin da aka ce ya ceci gari daga mahara, suna layi suna shafa hancin gunkinsa don neman sa'a, sai in ji muryarsa.

"Ku shafa da kyau, jama'a. Gunkin nan jikata ta girme shi."

"Kaka, don Allah."

"Ƙarya na yi? Uwar surutu. Ana biyanki don ki yi abin da kakarki ke yi kyauta."

Baƙin sukan bar ni su kewaye shi. Ya nuna musu siririn lungun nan na tsakanin coci-coci, ya ce wannan kam na asali ne, shi ya tsira don ya yi wa amalanke ƙunci. Ya faɗa musu wane gida ne a kan wane, da wa ke zaune a ciki kafin a haife shi. Wata Bajamushiya ta taɓa tambayarsa yadda aka yi ya san duk wannan. Ya ce wani abokinsa ɗan garin ne ya koya masa.

Bayan rasuwar Gienia ya rage fita. An rufe kanal na ɗan lokaci ana gyara, da aka sake buɗewa na ce ya zo mu shiga jirgi, ko ya sha iska. Ya yi ta kawo dalilai, gwiwa, sanyi, tsadar tikiti. Da na matsa sai ya faɗi gaskiya, bai taɓa shiga ba.

"Shekara talatin da wani abu kana jan su, ba ka taɓa hawa ba?"

"In na hau wa zai saki ruwa? Ke fa wani lokaci ba ki da kai."

Muka tafi wata safiya a watan Yuni. Jirgin ya bi kogi ya shiga tafkin Drużno, kyauro ta ko'ina, furannin ruwa sun rufe hanya, tsuntsaye na tashi a gabanmu. Kaka ya zauna a sama da bargo a gwiwa, yana gunaguni a kan shayin da aka kawo masa a kofin takarda. Muka wuce tudun farko yana gaya wa wani ɗan Holan abin da ke faruwa a ƙarƙashinmu, mutumin bai ji ko kalma ba, yana dai gyaɗa kai.

Sai muka iso Jelenie, tudun Kaka. Jirgin ya zauna a kan amalanke, matuƙi ya buga ƙarfe. Aka ɗan jira, sai igiya ta miƙe, ruwa ya zube daga jikin jirgin, muka fara hawa cikin ciyawa. Kaka ya kama ƙarfen gefe ya miƙe tsaye, na riƙe masa gwiwar hannu. A bayanmu ƙasa ta yi ta buɗewa, gonaki da layukan itatuwa da shanu, har can inda sama ta haɗu da fadama. Wani ma'aikaci a ƙofar ɗakin injin ya ɗaga hannu, kamar yadda ake ɗaga wa kowane jirgi. Kaka ya ɗaga masa hula.

"Ashe abin da suke gani ke nan," ya ce. "Ni gindin jirgi kawai nake gani daga ƙasa. Duk tsatsa da gansakuka. Ina ta mamakin me suke ɗauka a hoto."

"Ya yi kyau?"

"Ba laifi."

Ya ci gaba da tsayuwa har amalanken ya gangara jirgin ya koma ruwa. Sannan ya zauna, ya ja bargo, ya ce in tambayi yarinyar da ta kawo shayin nan ko akwai saura, tunda dai babu wani.